Sai-Gobe da Matakalar Gidan Waya

Sai-Gobe ake ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Ka kai masa kujera ƙafa ɗaya ta karye, ya juya ta, ya shinshina katakon, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ce, "Sai gobe." Ka dawo goben, ka tarar ya kwance kujerar gaba ɗaya, wai ba ƙafar ke ciwo ba, bayan ne. Ka yi faɗa, ka yi rantsuwa kai da shi har abada, ya saurare ka har ka gaji don kanka, sannan ya ce, "To, sai gobe." Amma fa in kujerar nan ta koma gidanka, jikokinka ma sai sun zauna a kanta. Shekara arba'in da bakwai yana kafinta a layi ɗaya, a shago ɗaya, har sunansa na gaskiya ya ɓace wa mutane. Matarsa ma, Allah ya ji ƙanta, in ya ƙure ta da Sai-Gobe take kiransa.

A shekarun nan jiki ya fara yi masa gardama. Gwiwa ba ta son tsuguno, baya ba ya son miƙewa, in ya ja zarto sau ashirin sai ya tsaya ya huta, ya yi kamar awo yake dubawa. Layin nasu kuma ya sauya. Inda a da ƙamshin katako ke tarbar mutum, yanzu masu tagar alminiyom ne suka cika shi, injinsu na ƙara tun safe har kai ya yi ciwo. Ba ya jin haushinsu, su ma abinci suke nema. Abu ɗaya ne ke tsaya masa a rai. Duk tagar da suka kafa sai sun manna mata takarda a kusurwa, da sunan mai shago da lambar wayarsa. Shi kuwa rabin ƙofofin unguwar sun bi ta hannunsa, ko ɗaya babu mai iya nunawa ya ce ga aikin wane.

Ana nan sai maganar tsohon gidan waya ta taso. Ginin bene ne a bakin kasuwa, ya haura shekara casa'in, an rufe shi tun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana firamare, ga shi yanzu ita ce nas a asibiti. Kwano ya yoye, gara ta yi gida, awaki suka mai da barandar ɗakin kwana. Magadan mai ginin suna can wani gari, kuma kowa ya san akwai attajirin da ke zawarcinsu, yana so ya rushe ya zuba shaguna. Hedimasta ne ya tsaya. Ya yi ritaya da daɗewa amma bai daina ba da umarni ba, shi ne shugaban ƙungiyar unguwa. Ya bi magadan da waya da wasiƙa har suka gaji suka ba da aron ginin na 'yan shekaru, a yi ɗakin karatu a sama, wurin koyon ɗinki a ƙasa. Da aka zo kan aikin katako, kowa ya san wanda za a kira, kowa kuma sai da ya yi tsaki kafin ya faɗi sunan.

Hedimasta ya ce, "Malam Sai-Gobe, wata uku nake so."

"Allah ya kai mu," in ji shi.

Wata goma sha takwas ya yi.

Ga yadda yake aikinsa, don a gane abin da ya faru daga baya. A bayan gidansa akwai rumfa cike da tsohon katako. Duk gidan da aka rushe a garin, shi ne na farko a wurin da baro, yana tsintar abin da wasu ke shirin kaiwa murhu. Tsofaffin ƙusoshi ma yana da su gwangwani-gwangwani, yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya da guduma. Da ya shiga gidan waya ya tarar matakala bakwai cikin goma sha tara sun ruɓe, marafan taga tara cikin goma sha huɗu gara ta cinye su sai fenti ke riƙe da su, mariƙin matakalar kuwa, katakon nan da ake dafawa in za a hau, daga tsakiya zuwa sama babu shi. Bai sayi sabon katako ko ɗaya ba. Ya riƙa zaɓo tsaran ginin daga rumfarsa, yana kara su da na wurin a hasken rana har sai jijiyar katakon ta yi daidai. Tsofaffin matakalan sun lotsa a tsakiya saboda ƙafafun shekara casa'in. To, nasa ma sai da ya lotsa su, da samfefa da tafin hannu, kwana huɗu kowace ɗaya, yana hawa yana sauka ba takalmi don ya ji ko ƙafa za ta gane baƙuwa. Ya bi su da mai da ɗan baƙin tukunya har launi ya zauna. In ya gama wuri, shi kansa sai ya lalubo kafin ya gane inda ya haɗa.

Wata rana Auta ta kawo masa abinci, ta ga ya tayar da matakalan, rami ya buɗe, ga ruɓaɓɓen katako ko'ina. Ta zaro waya za ta ɗauki hoto.

"Ke! Mai da ita jaka."

"Baba, don tarihi ne fa."

"A asibitinku in kun kwance wa mutum riga kuna wanke masa ciwo, hoto kuke ɗaukarsa?"

"Haba Baba, gini ne."

"Ya girme ni, ya girmi ubana. Ki bari ya sa rigarsa."

Ta yi dariya ta mai da wayar. Ruɓaɓɓen katakon kuwa matan maƙwabta suka kwashe, ya ƙare a murhu cikin mako guda.

Ginin ya buɗe, kekunan ɗinki suka fara kuka a ƙasa, 'yan makaranta suna hawa suna sauka a kan matakalar kamar tun asali haka take. Masu wucewa su ce, "Kai, an gyara wurin nan." An gyara. Wa ya gyara, oho. Shi ya koma shagonsa da baya mai ciwo, ya ci gaba da kujerun mutane.

Sai ga sanarwa. Wani kwamiti mai kula da tsofaffin gine-gine zai karrama unguwannin da suka raya nasu. Lambar yabo iri biyu ce, ɗaya ta gini, ɗaya ta mai aikin hannu. Ginin da ya ci kuma za a sa shi a rajistar gine-ginen da ba a taɓawa, ko magada ko attajiri babu mai ikon rushe shi. Hedimasta ya cike takardar gini. Auta ta karɓo ta mai aikin hannu, ta zauna a kan bencin shagon ubanta ta cike ta, ta rubuta matakala bakwai, marafan taga tara, rabin mariƙi. A sama ta rubuta sunansa na gaskiya, cikakke, da manyan baƙaƙe.

Ta ce, "Na san za ka ce ba ka so."

Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallon layin sama. Rabon da ya ga sunan nan a rubuce tun katin asibitin matarsa.

"Ina so," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Auta, ina so. Na gaji. Shekara arba'in da bakwai ina ɓoye hannuna, kuma ban yi nadama ba, haka aka koya min. Amma sau ɗaya dai, kafin in kwanta, a kira ni a gaban mutane a ce wane ne ya yi wannan. Sau ɗaya tak."

Auta ta karɓi takardar ta ninke. Ba ta taɓa jin ubanta ya ce yana son wani abu ba, ko ƙarin sukari a shayi.

Ranar dubawa aka ce ya zo da hantsi. Ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya tsaya daga gefen ƙofa, hannuwa a baya, bai san inda zai ajiye su ba tunda babu guduma. Wadda kwamiti ya aiko mace ce, Injiniya, ba ta kai Auta tsawo ba, da tocila da ƙaramin gilashin ƙara girma a rataye a wuya. Ba 'yar wasa ba ce. Ta duba bango, ta duba kwano, ta hau sama ta leƙa cikin silin. Da ta zo kan matakala sai ta durƙusa, ta shafa, ta haska, ta ƙwanƙwasa. A kan ta shida ta durƙusa, kuma ta shida tasa ce. Sai-Gobe ya zuba mata ido kamar ɗan makaranta ranar sakamako.

Ta ɗago ta ce wa Hedimasta, "Kun yi sa'a, wallahi. Gini goma sha ɗaya na duba, ban ga inda katakon asali ya tsira haka ba. Dubi lotsawar nan, ƙafafun mutane ne suka yi ta. Dubi ƙusoshin. Wannan ba a sayensa a kasuwa."

Sai-Gobe ya yi murmushi, ya matso taki ɗaya, ya buɗe baki. Ita kuwa ba ta gan shi ba, ta ci gaba.

"Ka san mu abin da muke aunawa shi ne nawa ne na asali ya rage. In an yi gyara, ƙa'idarmu a bar shi a fili, mai zuwa bayan shekara ɗari ya gane ga tsoho ga sabo. Jiya na fitar da wani gini daga takara. Sun sake ƙofofi sun yi musu kwalliyar tsufa, ba hoto, ba shaida, yanzu babu wanda ya san na gaske da na kwaikwayo. Abin tausayi, sun sha wahala. Amma ku, in dai sauran haka suke, ban ga mai gabanku ba."

Hedimasta ya yi tari. Ya ce ranki ya daɗe a ɗan sha ruwa tukuna, ya haɗa ta da malamar ɗinki, ya kamo hannun Sai-Gobe ya ja shi ɗakin baya inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Ya rufe ƙofa. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, yau ga shi gumi na bin wuyansa.

"Ka ji abin da ta ce."

"Na ji, Malam."

"Aron da suka ba mu saura shekara biyu. Attajirin nan ko jiya an gan shi da mai awo a bakin titi. In ba mu shiga rajistar nan ba, ka san sauran." Ya share fuska da hankici. "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ni dai... kai, ban san me na ce ka yi ba. Ni na kira ka aikin nan, na ga abin da ka yi da idona. Ka yi haƙuri, Malam Sai-Gobe."

Sai-Gobe ya zauna a kan bokitin da aka kife, don gwiwar ta fara. Ta bango yana jin kekunan ɗinki. Abin da ya fi ba shi haushi, bai ga wanda zai zaga ba. Yarinyar nan gaskiyarta take faɗa, kuma ta san katako, ya ga yadda take shafa shi. Hedimasta gaskiyarsa. Shi ma da tasa. Wanda ya koya masa sana'a, in ya hango gaɓa a aikinka, kwance shi yake yi ya jefo maka, ya ce koma. Ashe akwai inda ake ba da lamba saboda gaɓar ta fito. Da ya sani... To, da ya sani ɗin ma, ya san hannun nan nasa ba zai yarda ya bar farin katako a tsakiyar baƙi ba.

Da suka fito, Injiniya na tsaye a gindin matakala tana juya takardu. Ta tsaya a kan ɗaya, ta haɗe gira.

"Wane ne kafintan?"

"Ga ni, ranki ya daɗe."

"Sannu, Baba. An rubuta nan wai ka sake matakala bakwai, da marafai tara, da rabin mariƙi. Ni ban gansu ba. Akwai hoto?"

"Babu."

"Ragowar tsohon katakon fa?"

"Babu."

"To nuna min da hannunka. Wacce da wacce?"

Daidai nan Auta ta shigo, da farar rigar aiki, ta roƙi a sake ta awa ɗaya, har haki take yi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi, ta ɗaga masa hannu. Ya gan ta sarai. Ya dubi matakalar. Ta uku, ta huɗu, ta shida, ta tara, ta goma, da biyun ƙarshe na sama. Da ido rufe zai taɓa su.

"'Yata ce ta rubuta," ya ce. "Ga ta can. Kin san yaro da son uba, sai ya cika baki. Ni goge-goge na yi. Na ɗaure inda ya saki, na shafa mai."

Injiniya ta dube shi. Ta dubi hannuwansa, yatsun da suka kanannaɗe, da babban yatsan da farcensa ya rabe biyu. Ta daɗe tana kallo, har Hedimasta ya fara gyaran murya.

"Ka tabbata, Baba?"

"Na tabbata."

Ta zaro biro ta ja layi a kan rubutun Auta, a hankali, layi uku. Ta ce goge-gogen ma aiki ne, Allah ya saka. Da ya waiwaya bakin ƙofa, Auta ba ta nan.

Da yamma ta same shi a shago, ta wanke shi tas. Bai taɓa jin muryarta haka ba.

"A gaban mutane, Baba! Ka mai da ni maƙaryaciya a gaban mutane! Ni na riƙa shafa maka magani a baya wata goma sha takwas. Ni na cire maka sartse a hannu ya fi sau hamsin. Goge-goge? Kai da bakinka ka ce min kana so!"

"Har yanzu ina so."

"To me ya sa?"

"In na ce nawa ne, na samu takarda in rataye a nan, su kuma su kawo katafila. Takardar me za ta ce? Wane ya yi matakalar da babu ita?" Ya ja numfashi. "Na ɓata miki, na sani. Ki yafe min. Ban sami wata ƙaryar da ta fi wannan sauƙi ba, ban saba ba."

Ta zauna a kan benci ta yi kukanta. Shi ya ɗauki wata ƙafar tebur ya riƙe, bai yi wa ƙafar komai ba, har aka fara rufe shaguna.

Bayan wata biyu sakamako ya fito, gidan waya ya zo na ɗaya. A gaban ginin aka yi taron, da rana tsaka, aka kafa rumfa aka jera kujerun roba. Sai-Gobe ya ce ba za shi ba, baya na ciwo. Auta ta ce ai kuwa sai ya je, ko a baro ne. Suka zauna can layin baya, kusa da mai janareto, inda rana ke shigowa ta gefe.

Jawabi ya yi yawa, kamar kullum. Lambar mai aikin hannu wani magini ne daga wata unguwa ya karɓa, dattijo kamarsa, wanda aka ce duk inda ya yi faci sai ya bar shi a fili ya rubuta shekara. Aka kira sunansa har sau biyu a lasifika, 'ya'yansa suka tashi suna ihu. Sai-Gobe ya bi shi da kallo har ya koma ya zauna, bai ji ƙyashi ba, gajiya kawai ya ji. Hedimasta ya karɓi ta gini, ya gode wa magada, ya gode wa kwamiti, ya gode wa masu kwano da masu fenti, "da dukkan waɗanda suka yi shara da goge-goge." A nan ya sha ruwa, bai dubi layin baya ba ko sau ɗaya.

Sannan aka buɗe manyan ƙofofi don kowa ya ga ciki, Injiniya ta ɗauki lasifika ta hau matakala. Ta wuce ta ɗaya, ta wuce ta biyu, ta tsaya can sama da tsakiya, ta ɗora hannu a kan mariƙin.

"Jama'a, ku dubi wannan. Shekara casa'in da suka wuce wani kafinta ya tsaya a nan ya sassaƙa katakon nan. Mun bincika, ba mu sami sunansa ba. Amma ku zo ku shafa, ku ji yadda ya zauna a hannu, ku nemi inda ya haɗa in za ku gani. Na yi shekaru ina wannan aiki, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, kuma irinsu sun ƙare. Saboda shi ginin nan ba zai rushe ba. Ku tafa wa bawan Allahn nan, duk inda yake kwance."

Wuri ya ɗauki tafi. Auta ta sunkuyar da kai, ta damƙe jakarta. Sai ta ji tafi a gefenta, mai nauyi, irin na tafin hannun da ya yi kanta. Ta juyo.

"Baba, har da kai?"

Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"To ya zan yi, Auta? Yau ne kaɗai aka taɓa yabon aikina a gaban mutane."

Kowa ya gama ya zauna, shi bai daina ba. Ya ci gaba da tafawa shi kaɗai, har na layin gaba suka riƙa waiwayowa suna tambayar juna ko tsohon lafiya yake.